Tsakanin Ɓeran Daji da Dodon Koɗin Teku

Tambaya: Malam, me ya sa ɓera da danginsa suka cika karin magana, amma ba a jin ɗuriyar dodon koɗin teku? Ko Bahaushe bai san shi ba ne?

Amsa: Ya san shi sarai, sai dai bai taɓa ganin sa da rai ba.

Ɓera maƙwabci ne, a gona da rumbu, shi ya sa aka bambance iri-iri: kusu, gafiya, burgu, kurege. Jaɓa ce kawai ake yawan cusawa cikinsu bisa kuskure. Ita ƙwari take ci, ba ta da haƙoran gaba na gwigwiya, ga dogon hanci da wari. Da yake an zauna da su, halinsu aka ɗauka. "Gafiya, tsira da na bakinki" ya fito ne daga kumatunta masu kama da aljihu, inda take tara hatsi ko gyaɗa kafin ta kai rami. In aka biyo ta, abin da ta ƙunsa shi ne rabonta. Ana faɗa wa mai haɗama ya haƙura da abin da ya samu. Haka "in ɓera da sata, daddawa ma da wari": laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne.

Dodon koɗin teku kuwa ƙwaryarsa ce ta iso mana, ita ce wuri, jam'insa kuɗi. A da, a tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kamo shi, a shanya har naman ya ruɓe, a wanke, a yi fataucinsa. Abin da ba a ga motsinsa ba, ina za a san halinsa? Sai ya tsaya a fagen lissafi. A zamanin da ake ciniki da shi, biyar-biyar ake ƙirga shi a ƙasa, 20,000 su ne keso guda. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Daga nan aka sami "wuri na gugar wuri", wato tsabar kuɗi masu yawa har suna gogar juna.

A kula wajen furuci: wannan wurin dabam yake da wurin zama. Katantanwa kuma ba wuri ba ce, ta tudu ce, wadda yara ke murzawa.