Filin Ƙamshi da Kwalliya: Turaren da Aka Daina Yi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, ina gajiya, ina hidima da jama'a? Shekarar da aka yi aurena, 2001, maigidana yana zuwa biɗa Abidjan kamar yawancin mazan Adar. Dawowarsa ta farko ya yi mini tsarabar wani turare, Gucci Envy, doguwar kwalba siririya mai ruwa kore-kore. Daga nan duk zuwa sai ya riƙo mini guda, har mata a gidan biki kan ce sun san na shigo tun ba su waiwayo ba. Wata shekara ya dawo da atamfa da takalma, ba turare. Ya ce ya zagaye kantuna, an ce masa an daina yi.

Kwalba guda ta rage mini, abin da ke ciki bai wuce yatsa biyu ba. Ya yi duhu kamar ruwan shayi, in na fesa kuma da farko yana ɗan tsami. Za mu aurar da ɗiyata ta fari bayan Babbar Salla, shi nake so in sa ranar. Wani mai turare ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya ce na asali ne, sabo dal, jika 35, in tura kuɗi ya sa mini a mota daga Yamai. Hajiya, don me aka daina turare mai kyau haka? Nawa ya lalace ne? In sayi na mutumin nan?

Uwar amarya, daga Tahoua

AMSA

Wa alaikumus salam uwar amarya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ki tura kuɗin nan. Da shi na fara don ko hidima ta ɗauke ki ba ki kai ƙarshen amsar ba, kin dai ji wannan.

Shekara 19 na yi ina zaman shagon turare a Babbar Kasuwar Yamai kafin gwiwa ta zaunar da ni gida, kuma turaren nan naki ya bi ta hannuna ba adadi. "Anvi" muke ce masa, da bakin Faransanci, muna zaton sunan yana nufin sha'awa. Sai daga baya wani ɗana da ya yi karatu a Gana ya ce mini da Ingilishi hassada ke nan. Na yi dariya har da hawaye, don na tuna alhazan da suka saya wa amarya shi suka kai gidan da uwargida take. To, hassada ga mai rabo taki ce.

A 1997 ya fito, zamanin da Tom Ford ke jan ragamar zane a gidan ɗinkin Gucci, wanda ya haɗa ƙamshin kuwa wani Bafaranshe ne, Maurice Roucel. Abin da ya raba shi da sauran kayan shagona shi ne sanyinsa. Mu nan hancinmu ya saba da mai nauyi, sandal, miski, hawi, farce, irin wanda ke kama mayafi har bayan wanki biyu. Shi kuwa ƙamshin ɗanyen ganye ne da aka karya yanzu, da fararen furanni a bayansa, kamar ki shiga garka da asuba an gama ban ruwa. A watan Afrilu, lokacin da humra kan hau wa mutum kai, shi yake daɗa daɗi. Shi ya sa matan da suka kama shi ba su saki ba. Ba su da yawa, amma ba a juya su. Akwai wata ungozomar asibiti da ta ji daga bakina cewa kaya ya fara yankewa, ta je ta ɗauki kuɗin adashinta ta kwashe kwalba shida da suka rage mini, ko ragi ba ta nema ba. Na haɗu da ita wajen wani suna shekaru bayan nan, kafin mu gaisa ta ɗaga mini yatsa biyu, wai saura biyu. Irinta suna nan har a Faransa da Amurka, suna farautar tsofaffin kwalabe a eBay, wata kasuwar intanet, suna saye da kuɗin da ya ninka na da.

Batun don me aka daina. Yawancin manyan gidajen ɗinki ba su ne ke dafa turarensu da kansu ba, lasisi suke ba wani kamfani ya yi, ya sayar da sunansu. Tom Ford ya bar Gucci a 2004, a 2006 kuma kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya ƙulla sabuwar yarjejeniyar lasisin turaren gidan. Sarki goma zamani goma. Sababbin kaya suka biyo juna, Gucci by Gucci a 2007, Flora a 2009, Guilty a 2010, na zamanin baya kuma suka riƙa ɓacewa daga kanta ɗaya bayan ɗaya, Envy na cikinsu. A nawa ganin na ƴar kasuwa, hancin duniya ne ya koma ga mai zaƙi kamar alewa, kuma kanta ba ta ajiye wuri don mutum ɗari masu so tsakani da Allah in ga mutum dubu suna neman wani abu. Dubi Bint El Sudan, Bintu Sudan ɗinmu. Tun 1920 yake, har gobe ana ɗura shi a Kano, don ba a haɗa humra ko kayan amarya a tsallake shi. Ciniki ke raya turare, kyau kaɗai ba ya yi.

Kada kuma ki zauna jiran ranar da za a dawo da shi yadda kika san shi. A cikin furannin da ke ƙamshinsa akwai wani ƙaramin fari mai kama da ƙararrawa, wanda Faransawa ke ba juna ranar 1 ga Mayu. Furen nan ba a iya tatsar mai daga jikinsa, da sinadarai ake kwaikwayon ƙamshinsa. Biyu daga cikin sinadaran da aka fi dogara da su a wancan zamani Tarayyar Turai ta hana su: Lyral, saboda yana tayar wa wasu da ƙaiƙayin fata, an gama janye shi a 2021, sai Lilial a 2022. Don haka turarukan shekarun 1990 masu wannan fure, har waɗanda ba a daina ba, da yawa an sake musu haɗi. Suna na nan, kwalba na nan, amma wanda ya san na da zai ji bambanci.

Yanzu ga mutumin WhatsApp. Ba na ce ɓarawo ne ba, ban san shi ba, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Amma ki tambayi kanki: turaren da aka daina tun ɗiyarki tana firamare, ina ya kwana duk shekarun nan har ya fito sabo dal, kuma a farashin da bai kai na wasu sababbin da ake yi yau ba? Ki gwada shi da abu guda, ki ce kwalba goma kike so. In ya ce akwai, magana ta ƙare. Ni kaina an taɓa yi mini, da duk shekaruna a sana'ar. Wani dillali ya kawo mini kwalabe na asali, kwali na asali, ashe wofi aka tara aka ɗura musu wani ruwa. Da mai saye ta dawo mini da shi, kunyar ta fi asarar ciwo.

In kin nace sai kin saya, ko wurinsa ko wurin wani, ba a cinikin biri a sama. Ki sa ƴar uwa a Yamai ta je ta riƙe kwalbar a hannu. A gindinta akwai ƴar lamba, irinta ce ya kamata a gani a jikin kwali, in sun saɓa a ajiye. Ta duba wuyan ƙarfen da ke riƙe da kan fesawa, in ya lanƙwashe ko yana juyawa, an taɓa buɗe shi. Ta karanta bayan kwali: a 2005 dokar Turai ta tilasta rubuta sunayen sinadarai 26 masu iya tayar da ƙaiƙayi in suna ciki, saboda haka kwalin da ya girmi wannan shekara jerinsa gajere ne, na bayanta dogo. Kada kuma a miƙo mata Envy Me, mai kwalba ruwan hoda, na 2004, a ce ai duk ɗaya ne. Suna kawai suka haɗa. Daga ƙarshe ta fesa a bayan hannu, ta tafi cefanenta, ta shinshina bayan awa biyu. Na jabu kan yi ihu da farko, kafin ta kai gida sai warin alkol.

Masu turaren mai na awo, waɗanda ke sauko da kaya daga Dubai, wasunsu na da kwalba mai wannan suna. Ba ni da faɗa da su muddin sun ce kwaikwayo ne. Kan su kama kusa, amma mai yana danne wannan sanyin da kike nema. Masu humra kuwa, ko gwanayen Diffa kika kai wa, hanyarsu daban. In wanda za ki riƙa sawa kullum kike so, ki shinshina Anaïs Anaïs na Cacharel ko Pleasures na Estée Lauder. Dangi ne na nesa, amma gari ɗaya suka fito.

Naki na gida fa? Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, sai dai turare ba zuma ba ne. Zafi da haske da iskar da ke cikin kwalba su ke cin sa, kuma kwalbar da ta kusa ƙarewa ta fi cika da iska. Abin da ke fara mutuwa shi ne ƙamshin sama, wanda hanci ke fara ji, shi ne tsamin nan. Na ƙasa ya fi jimiri. Ki fesa sau ɗaya a iska don wanda ya kwana a bututu ya fita, na biyu a tsumma mai tsabta, ki ba shi minti 15. In furannin sun taso, turarenki na da rai. In har lokacin warin tsohon man gyaɗa kike ji, ya tafi, sai haƙuri. Daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton yana nan.

Daga yau ki sauke shi daga gaban madubi. Ɗakin kwano a Tahoua, a watan Mayu da zafi ke haura 40, tanda ne. Ki naɗe shi a tsohon zane, ki sa a ƙasan akwati, a ɗakin da ya fi sanyi, a tsaye. Firji na da kyau in wuta ba ta yankewa, amma sanyi yau zafi gobe ya fi zaman akwati illa. Ranar biki kada ki sa a fata, tsohon turare ya fi saurin tayar da ƙaiƙayi, kada kuma ki fesa a gaban farar shadda, zai bar tabo. Cikin haɓar zane da gefen mayafi ta ciki, bayan an gama turara kayan an bar hayaƙin ya lafa. Yatsa biyu zai ishe ki wuni da kai amarya, har ki rage na suna in Allah ya kawo.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Wani yaro na yawo unguwarmu yana sayen kwalaben turare na wofi, dala ɗari kowace, in da kwali ya ƙara. Maiɗakina na da su cike da kwando. Mu sayar?

Wani magidanci, Boukoki, Yamai

AMSA

Malam, ka karanta amsar da ke sama, ka ga inda kwalaben ke zuwa. Waɗanda take so ta jera a kabad ta jera. Sauran a ɓalle musu kan fesawa da filaya, a yayyaga kwalin, sannan a ba yaron in har yana so.