Kuɗin adashena suna narkewa a banki, in zuba su a manhajar da ke ba da kashi 30 duk wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Funtuwa, na kwashi adashe naira dubu 900 da niyyar sayen fili, kafin in ankara filin ya tashi ya bar ni. Kuɗin suna ajiye a banki, kullum na shiga kasuwa sai gabana ya faɗi, wallahi har barci ba na samu sosai. Wata ƙawata ta ce in zuba su a wata manhaja da ke ba da ribar kashi 30 duk wata, ita har ta cire riba sau biyu, kuma wai halal ne kasuwancin kirifto suke yi. Meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Tsoronki yana kan hanya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta da kanta a watan Yuni, kuɗin ajiya ke ta zubewa kamar ruwa a kwando. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, wato dubu 900 da suka yi shekara a kwance a wannan yanayi sun koma ba sa saya miki fiye da abin da dubu 670 ke saya a da. Kuma in kin ji an ce alƙaluman sun sauko, ai tashin ne ya rage gudu, kuɗin mota da na haya ba su koma gidan jiya ba.

Amma maganar manhajar nan, Malama don Allah ki tsaya mu yi lissafi. Kashi 30 duk wata in ana barin ribar tana hawa kan uwar kuɗi, dubu 900 ɗinki za su zama kusan miliyan 21 a shekara ɗaya, a shekara biyu su haura miliyan 480. To wanda ya san hanyar da kuɗi ke haihuwa haka me zai yi da adashen malamar firamare? Ai Kwari da Singa da Dawanau duk da an rufe kowa ya koma danna waya. Ribar da ƙawarki ta cire kuɗin waɗanda suka shiga bayanta ne, kuma naki ake jira a biya ta ta uku, ita ma ba ta sani ba, shi ya sa ba na zarginta. Haka ire-irenta na damfara suka yi, MMM a Disamba 2016, CBEX kuma a Afrilun 2025, mutane suka wayi gari manhaja ba ta buɗewa, wasu sun sayar da gona wasu kuɗin aikin Hajji suka zuba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda yanzu suke ɗaura wa abin rawani, a sa kalmar halal, a ɗauko wani ya yi bidiyo a TikTok yana salati yana nuna alat. A mudaraba, wato wani ya ba da jari wani ya juya shi kamar yadda Musulunci ya tsara, ana raba riba ne bisa abin da aka samu kuma asara tana iya faɗawa kan mai kuɗi, duk wanda ya yanke miki tabbatacciyar riba kafin a yi ciniki ya riga ya fita daga wannan babi. Kuma takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da suke ta yaɗawa a guruf rajistar suna ce kawai, lasisin karɓar jarin jama'a a hannun SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, yake. Kusan kullum sai na faɗi wannan, amma sai abu ya fashe a zo ana tambayata ko akwai hanyar dawo da kuɗi. Yawanci babu.

Abin yi kuwa ba wani mai armashi ba ne. Ki ware na wata biyu ko uku na larura ki bar shi inda hannunki zai kai. In akwai bashi a kanki ki biya. Sauran ki raba, kada ki zuba wuri ɗaya. Tunda kina gudun kuɗin ruwa, akwai Sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da ofishin kula da basussuka na DMO ke fitarwa tun 2017 ana gina tituna da shi, da dubu 10 ma ana shiga, ki tambaya a bankuna irin su Jaiz ko TAJ lokacin da za a buɗe na gaba. Zinari yana riƙe daraja in za ki iya haƙurin shekaru, sai dai kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. Kiwon tumaki zuwa Babbar Sallah ma yana yi in akwai mai kula miki da su tsakani da Allah.

Dala da hatsi kam a yi hattara. Waɗanda suka ruga suka sayi dala kusan 1,900 a Fabrairun 2024 sun ga ta faɗo ƙasa da 1,200 cikin Afrilu, masu ɓoye masara da tsada su ma sun sha kashi da farashi ya karye a 2025. Ki sayi abincin gidanki da kaka, wannan ya isa. Filin kuma ki duba bayan gari inda dubu 600 ko 700 za su iya kamawa, amma kar ki biya ko sisi sai kin ga takardu kin kuma ji ta bakin mai unguwa.