An ba ni muƙami, zan iya sa kamfanina da sunan ƙanena?

Tambaya: Allah ya gafarta malam, an naɗa ni shugaban wata hukumar gwamnati, kuma tun kafin nan ina da kamfanin gine-gine. Yanzu an kawo min fom wai in rubuta duk kadarorina da hannun jarina, shine abokai suka ce in mayar da kamfanin sunan ƙanena kawai ya riƙa neman kwangila a hukumar, tunda aikin za mu yi shi da kyau. Ya halatta?

Amsa: To ɗan'uwa Allah ya taya ka riƙo. Fom ɗin nan ka cike shi da gaskiya, wajibi ne, tunda da sharaɗinsa ka karɓi kujerar, kuma sau da yawa ma da rantsuwa ake haɗa shi. Kada ka ɗauka wani abu ne na boko, Sayyidina Umar idan zai tura gwamna sai an rubuta abin da ya mallaka, in ya ga dukiya ta kumbura sai ya raba biyu ya kai rabi baitul mali, har Abu Huraira da ya riƙe Bahrain sai da aka yi masa wannan lissafin.

Sauya suna kuma ana nan riba na dawowa aljihunka, yaudara ce, haramun ne. Annabi (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuwa kyauta aka ba ni, sai Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? To kai ma ka auna, in ba kai ke kan kujerar ba, ƙanenka zai san kuɗin da aka ware wa aikin kafin sauran ƴan kwangila? Wane ƙaramin ma'aikaci ne zai duba gini ya ce bai yi ba, alhali ya san na oga ne?

Batun "za mu yi aiki mai kyau" shi ma ba ya wanke ka. Imam Malik ya ruwaito cewa Abu Musa, yana gwamnan Basra, ya ba Abdullahi da Ubaidullahi ƴaƴan Umar, da ke dawowa daga cikin wata rundunar yaƙi, kuɗin baitul mali su yi fatauci su mayar da uwar kuɗin a Madina, ko sisi bai ɓata ba, amma Umar ya tambaya duk rundunar ya ba bashi kamar ku? Suka ce a'a. Daga ƙarshe rabin ribar aka karɓe.

Kasuwancinka halal ne, ba a ce ka rufe ba sai in dokar aikin ta hana. Ka bayyana shi, ka miƙa gudanarwa ga wani na gaske, kamfanin ya nemi aiki a inda ba ka da ta cewa, in kuma sunansa ya faɗo a wani zama da kake ciki ka faɗa musu naka ne ka tashi ka fita. Wallahu a'alam.