Ƙara Wa Hilux Sifirin: Ya Halatta Ƙarin Lodi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar gero da Hilux daga kasuwar Mai'adua zuwa Daura, bayanta yana zaunawa. Bakanike ya ce a ƙara sifirin biyu. In yarda? Mai karatu, Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙara ɗaya kowane gefe ya isa; biyu zai sa motar ta riƙa tsalle idan ba kaya. Amma sifirin ɗaga baya kawai yake yi, ba ya ƙara wa aksul, boris da birki ƙarfi. Lodin Hilux wajen tan ɗaya ne, har da direba da yaran mota, wato buhu takwas masu kilo 100. Abin da ya haura haka, boris ɗin baya ne ke fara kuka, shasi kuma ya tsage.

Wurin da aka fi sakaci: tsofaffin Hilux na da bawul kusa da aksul mai auna nauyi yana raba ƙarfin birki. Idan baya ya ɗagu, sai ya ɗauka motar ba kaya, ya rage birkin baya. Lallai a sake saita shi. A sa sababbin ƙusoshi masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul, dogaye, a ƙara ɗaure su bayan mako guda. Buhuna kuma a fara jera su daga gaba, jikin kan mota inda direba ke zama.