Dalilin da ya sa gishirin 'yan sama jannati na ruwa ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga 'yan sama jannati suna ɗiga gishiri daga 'yar kwalba maimakon su barbaɗa, kana tambaya ko al'ada ce kawai ta masu wannan aiki. Al'ada ce, amma dole ce ta haife ta.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 400. Kada ka yarda da masu cewa babu jan ƙasa a can. Yana nan, wajen kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji. Abin da ya faru shi ne, tashar da mutanen cikinta faɗuwa suke yi tare ba tsayawa, shi ya sa komai ke yawo. Ka barbaɗa gishiri a wurin, sai ya shiga ido da hanci, ya toshe matatar iska. Don haka tun daga ƙasa ake narkar da shi a ruwa, masoro kuma a zuba shi cikin mai.

To, me zai hana su narkar da shi a can? Nan ne maganar take. A duniya, in ka jefa ƙwayar gishiri a ruwa, ruwan da ke manne da ita yakan sha gishiri ya yi nauyi, ya gangara, sabo ya maye gurbinsa. Ko ba ka motsa ba, nauyi na motsa maka. A can kuwa, mai nauyi ba ya nutsewa, marar nauyi ba ya tasowa. Ruwan da ya ƙoshi sai ya zauna kewaye da ƙwayar kamar bargo, ba yadda gishirin zai fita sai ta ratsawa a hankali a hankali. Narkewar ba ta tsaya ba, amma ta yi nawa sosai, sai fa an girgiza jakar da ruwan ke ciki. Haka yake ga sauran ma'adinai.

Shi ya sa masu tunanin haƙar ma'adinai a wata da Mars, inda jan ƙasa bai kai na duniya ba, suka damu. A 2019 aka kai gwajin BioRock tashar, ƙarƙashin Charles Cockell na Jami'ar Edinbara. Aka sa baƙin dutsen aman wuta a ruwa tare da bakteriya, sai ga ɗaya daga cikinsu tana ciro ma'adinai daga dutsen duk da rashin nauyin. Ni dai ban ga wannan ya zama sana'a nan kusa ba, amma gwajin ya yi ma'ana.

Wani abu kuma, kada ka haɗa su. Za ka ji an ce ƙashin 'yan sama jannati na narkewa da sauri a can, kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a wata a ƙugu da gadon baya. Wannan aikin jiki ne, ba na ruwa ba: ƙashin da ba ya ɗaukar kaya, jiki ke rage shi, kalsiyam ya fita ta fitsari, har ya iya kawo tsakuwar ƙoda. Dalilin motsa jikinsu na wajen awa 2 kullum ke nan. A 2009 ma wannan kalsiyam ɗin ne ya daskare ya toshe na'urar da ke tace fitsari ta mayar da shi ruwan sha, har sai da aka rage yawan ruwan da take tatsa.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.