Daga ina sunan artichoke ya fito?

Tambaya: Na ga wani kayan lambu mai kama da kan abarba a kasuwar Alƙahira, 'yan kasuwa suna kiransa kharshuf, Turawa kuma artichoke. Abokina ya ce sunan Turancin daga "arɗi shauki" na Larabci yake, wato ƙayar ƙasa. Haka ne?

Amsa: Abokinka ya yi gaskiya da ya ce Larabci ne, sai dai ya saki reshe ya kama ganye. Tushen kalmar shi ne sunan da ka ji a kasuwa, al-kharshuf. Haka Larabawan Andalus suke kiran shukar. Mutanen Sifaniya suka ari kalmar har da "al" ɗinta, suka ce alcarchofa, wadda ta koma alcachofa a yau. Bahaushe ya san wannan aron sarai, don ta haka al-basal ta zama albasa, al-ƙamh ta zama alkama.

Daga Sifaniya ta shiga Italiya. Daidaitaccen Italiyanci ya yar da "al" ya ce carciofo, amma mutanen arewacin ƙasar suka riƙa cewa articiocco. A bakinsu ne Faransanci ya samu artichaut, Ingilishi kuma ya samu artichoke a ƙarni na 16.

To ina "arɗi shauki" ya shigo? Daga baya ne. Sunan Turawan ya komo ƙasashen Sham, wato Siriya da Labanan, kunnen Balarabe ya ji shi kamar arɗ da shauk, ƙasa da ƙaya. Da yake shukar ƙayayuwa gare ta, sai fassarar ta zauna daram, har mutane da yawa suka ɗauka ita ce asali.

Turawan Ingila ma sun yi irin wannan. Ƙarshen kalmar ya yi kama da choke, wato shaƙewa, sai suka laƙaba wa gashin da ke tsakiyar abin wannan suna. Gashin kuwa ba a cin sa. Abin da ake sayarwa tohon fure ne da bai buɗe ba. Ana kankare gashin da cokali, a ci naman gindin. Da an yanka a tsoma cikin ruwan lemon tsami, in ba haka ba nan da nan sai ya yi baƙi.

Kada kuma a rikita shi da Jerusalem artichoke. Wannan saiwa ce ta wata shuka 'yar Arewacin Amurka, ba ta da alaƙa da birnin Ƙudus.