Amsa: Me ake nufi da PET, PP da 24/410 a odar robar man shafawa?

'Yar uwa, kin ce kamfanin da za ki sayi robobin man kaɗe ya turo miki takarda cike da haruffa da lambobi, kin rasa gane kanta. Ni ma haka na fara.

Ki juya robar ki duba ƙasanta, za ki ga lamba a cikin ɗan alwatika, wadda ke nuna irin robar. 1 ita ce PET, mai haske kamar gilashi, amma ba ta jure zafi. Idan kika zuba mai yana da zafi sosai, sai ta lotsa. 2 ita ce HDPE, irin ta man wanke gashi. 5 ita ce PP, ita aka fi yin murfi da kwalbar kirim da ita, kuma ta fi jure zafi.

Ita kuwa 24/410 girman wuyan kwalba ce: 24 faɗinsa a milimita, 410 kuma irin zaren murɗin. Nan na taɓa yin asara. Na sayi famfo, wato murfin da ake dannawa mai ya fito, mai faɗin 28 a kan kwalba 24, katan guda ya zauna a ɗaki ba amfani.

MOQ na nufin mafi ƙarancin adadin da za su sayar miki. Idan kina son siffa taki ta daban, sai kin biya kuɗin moli, wato ƙarfen da ake zuba robar a ciki don fitar da siffar, kuma yana da tsada.

Gwangwanin alminiyam kuwa, ki tambaya ko an shafa masa rufi a ciki.

Ki karɓi samfur tukuna, ki zuba manki ki ajiye makonni a wuri mai ɗumi ki ga ko turaren zai taɓa robar. Batun lakabi da rajista kuma, ki je ofishin NAFDAC kafin ki buga komai.